Albashin masu jinyar gida a Amurka: majalisa ta yanka lada, wa zai biya?

A shekarar 2007 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a ƙarar wata dattijuwa mai suna Evelyn Coke, 'yar asalin Jamaika da ke zaune a yankin Queens na birnin Niyok. Ta shafe fiye da shekara 20 tana shiga gidajen tsofaffi da marasa lafiya, tana yi musu wanka, tana dafa musu abinci, tana sauya musu tufafi, wani lokaci har ta kwana a wurinsu. Abin da ta nema shi ne kuɗin ƙarin lokaci, wato ladan da dokar ƙwadagon ƙasar ta tanadar wa ma'aikacin da ya haura awa 40 a mako, inda kowace awar da ta hau kai ake biyanta da kuɗin awa ɗaya da rabi. Alƙalan kotun su 9 suka haɗu a kan cewa ba ta da wannan haƙƙi, domin ƙa'idar ma'aikatar ƙwadago ta riga ta cire irin aikinta daga cikin ayyukan da dokar ta shafa. Ta rasu a 2009 ba tare da ta karɓi komai ba.

Akwai wani abu da ya faru a gefen wannan shari'a wanda ya fi hukuncin kansa nuna inda gizo ke saƙar. Hukumar birnin Niyok ta rubuta wa kotun tana mara wa kamfanin da aka kai ƙara baya, hujjarta kuwa ita ce tilasta biyan ƙarin lokaci zai ɗora wa asusun lafiyar talakawa nauyin miliyoyin daloli a kowace shekara, kuma ƙarshen abin shi ne a rage hidimar da ake yi wa tsofaffin. Wato ko da kotu ta ba Evelyn Coke gaskiya a ranar, da wata tambayar ta taso nan take, ita ce daga aljihun wa kuɗin zai fito.

A yawancin sana'o'i lissafin ba shi da wannan sarƙaƙiya. Idan doka ta ɗaga mafi ƙarancin albashi, mai gidan burodi ko mai gidan abinci yakan ɗan ƙara farashi, ko ya haƙura da wani ɓangare na ribarsa, ciniki ya ci gaba. A jinyar gida kuwa, kamfanin da ya ɗauki ma'aikaciya ba shi ke yanke farashin hidimar da yake sayarwa ba. Wanda ake yi wa hidimar, a mafi yawan lokuta, tsoho ne ko naƙasasshe da ba shi da abin biya. Mai sayen hidimar ta gaskiya ita ce gwamnatin jiha, ita ce kuma ke faɗin nawa za ta biya a kan kowace awa, ba tayi ba albarka. Saboda haka albashin ma'aikaciyar yana ratsawa ta hannun majalisar dokoki sau biyu, sau ɗaya a dokar ƙwadago da ke faɗin abin da ya wajaba a ba ta, sau ɗaya kuma a kasafin kuɗi da ke faɗin abin da za a fitar. Duk rigimar da ake yi a wannan fage, in an bi diddiginta, tana komawa ne ga tazarar da ke tsakanin waɗannan takardu biyu. Mai karatu a Najeriya ba zai kasa gane hoton ba, domin ya ga yadda aka sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a 2024, sannan aka koma jiran kowace jiha ta faɗi yaushe baitulmalinta zai iya ɗauka.

Ba ƙaramin rukuni ake magana a kai ba. Cibiyar PHI, wadda ke bibiyar wannan sana'a, ta ƙiyasta masu jinyar gida a Amurka da kusan miliyan 3. Fiye da kashi 80 cikin 100 mata ne, kusan kashi ɗaya cikin uku kuma baƙi ne da aka haifa a wajen ƙasar. A birnin Niyok da kewayen birnin Washinton 'yan Afirka ta Yamma, har da mutanen Gana da Najeriya, suna da yawa a cikinsu, domin aikin yana cikin ƙofofin da ke buɗe wa sabon zuwa bayan horo na 'yan makonni. Hukumar ƙididdigar ƙwadago ta ce a 2023 matsakaicin lada ya ɗan haura dala 16 a awa. Wanda ya juya wannan zuwa naira ko sefa zai ɗauka dukiya ce, amma idan aka cire kuɗin haya da na mota, aka kuma tuna cewa awannin ba su da tabbas, domin ranar da aka kwantar da tsohuwa a asibiti aikin mai jinyarta ya tsaya, sai a gane dalilin da ya sa fiye da rabin waɗannan ma'aikata ke karɓar wani nau'in tallafin gwamnati. Ɗakunan ajiyar kaya na manyan kamfanoni da gidajen abinci suna biyan daidai da haka ko fiye, ba tare da ɗaga babban mutum daga gado ba, don haka ma'aikata ke ta ficewa.

Ƙarancin ladan yana da tarihi. Dokar ƙwadago ta 1938, wadda ta fara kafa mafi ƙarancin albashi a matakin tarayya, ta bar 'yan aikin gida da ma'aikatan gona a waje, kuma a jihohin kudu na lokacin baƙaƙen fata ne suka fi yawa a waɗannan ayyuka biyu, 'yan majalisar yankin kuwa ba su yarda a taɓa tsarin ba. A 1974 majalisar tarayya ta gyara dokar ta shigo da 'yan aikin gida, amma ta ware masu renon yara na ɗan lokaci da masu zama da tsoho don ɗebe masa kewa. A shekarar da ta biyo baya ma'aikatar ƙwadago ta faɗaɗa wannan wariya har ta haɗa da ma'aikatan da kamfanoni ke ɗauka suna turawa gidaje. Da haka sana'ar da ta ƙunshi wanka, kai mutum bayan gida, juya shi don kada jikinsa ya yi gyambo, da lura da shan magani, ta zauna a idon doka a matsayin taya hira. Wannan ƙa'ida ce ta kayar da Evelyn Coke.

Gwamnatin Barack Obama ta sauya ƙa'idar a 2013, kuma bayan jayayya a kotu ta tabbata a 2015, inda akasarin masu jinyar gida suka samu haƙƙin mafi ƙarancin albashi da na ƙarin lokaci. Abin da ya biyo baya shi ne darasi na farko ga duk mai son fahimtar wannan batu. Haƙƙin ya zo daga birnin Washinton, amma kuɗin biyansa bai biyo shi a buhu ɗaya ba. Jihohi da dama sai suka ɗauki hanya mafi sauƙi, suka ƙayyade awannin da ma'aikaciya za ta iya yi, Kalifoniya misali ta sa iyakar awa 66 a mako ga mai jinyar mutum fiye da ɗaya a ƙarƙashin shirinta, kamfanoni da yawa kuma suka daina bari kowa ya haura awa 40. Ma'aikaciyar da a da take yin awa 60 a kamfani ɗaya sai ta koma raba su tsakanin kamfanoni biyu, ba ƙarin lokaci a ko'ina, tsohon da ya saba da fuska ɗaya kuma ya koma ganin fuskoki uku a mako. Wannan bai mayar da gyaran kuskure ba, amma ya nuna cewa bayan lada da kasafi akwai abu na uku da ake iya murɗawa a ɓoye, shi ne yawan awanni.

Kuɗin kansa daga shirin Medicaid yake fitowa, kuma a nan mutane da yawa, har da Amurkawa, sukan ruɗe. Medicare, inshorar lafiya ta waɗanda suka kai shekara 65, ba ta biyan doguwar hidimar yau da kullum irin ta wanka da ciyarwa. Medicaid, shirin masu ƙaramin ƙarfi da aka kafa tare da ita a 1965, shi ke ɗaukar fiye da rabin abin da ake kashewa a wannan fanni. Haɗin gwiwa ne tsakanin tarayya da jihohi, tarayya na biyan aƙalla rabi, a jihohi matalauta irin su Mississippi kuma kusan kashi uku cikin huɗu, amma jiha ce ke tsara farashin hidima. Sai dai dokar tana da wata karkata tun asali. Wajibi ne kowace jiha ta biya wa wanda ya cancanta kuɗin zama a gidan kula da tsofaffi, alhali yawancin hidimar da ake kai wa mutum har gidansa zaɓi ce, jiha ta ga dama ta yi, ta ga dama ta taƙaita. Tun 1981 aka ba jihohi damar neman izini na musamman don biyan hidimar gida, izinin kuma ya halatta musu ƙayyade yawan mutanen da za su ɗauka. A 1999, a shari'ar Olmstead da ta taso daga jihar Georgia, Kotun Ƙoli ta ce tsare naƙasasshe a wata cibiya alhali zai iya zama cikin jama'a wariya ce da doka ta hana, amma hukuncin bai buɗe wata sabuwar rijiyar kuɗi ba. Cibiyar binciken harkokin lafiya ta KFF ta ƙirga kimanin mutum 700,000 a layin jiran wannan hidima a shekarun baya-bayan nan.

Daga baitulmalin jiha zuwa hannun ma'aikaciya akwai zango. Jiha na biyan kamfanin da ke tura ma'aikata a kan awa, ko a kan kowane minti 15. Daga ciki kamfanin ke fitar da albashi, harajin da doka ta ɗora wa mai ɗaukar aiki, inshorar rauni a bakin aiki, ladan ma'aikaciyar jinyar da ke duba aikin, masu tsara wa zai je gidan wa, hayar ofis, da riba. A jihohi da yawa akwai ƙarin hannu a tsakani, domin jiha kan ba kamfanin inshora dunƙulen kuɗi a kan kowane mutum duk wata, shi kuma ya yi ciniki da kamfanonin hidima. Majalisa na iya ƙara kuɗi a bakin rariya, amma ba ta da tabbacin abin da zai fito a ƙarshenta sai in ta rubuta hakan a doka ta kuma sa a bincika.

Jihar Niyok ce ta fi nuna wannan a fili. Gamayyar ma'aikata, naƙasassu, tsofaffi da wasu kamfanoni ta nemi dokar da za ta ɗaure ladan mai jinyar gida a kan kashi 150 cikin 100 na mafi ƙarancin albashin yanki, wanda a birnin Niyok zai kai dala 22.50 a lokacin da mafi ƙarancin yake dala 15. A kasafin 2022 Gwamna Kathy Hochul da majalisa suka daidaita a kan ƙarin dala 3 a awa, dala 2 daga Oktoban shekarar, dala 1 kuma bayan shekara guda. Ba a jima ba kamfanonin hidima suka fara kukan cewa doka ta tilasta musu biyan ƙarin, amma wasu kamfanonin inshora da suka karɓi kuɗin daga jiha ba su ƙara musu farashi daidai da haka ba. Abin ya yi kama da karin maganar nan ta kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, sai dai a nan kurayen biyu ne, ma'aikaciya da ƙaramin kamfanin da ya ɗauke ta.

Kasafin 2023 ya sake lale, ya maye gurbin ƙarin dala 1 ɗin da wani sabon tsari. Daga Janairun 2024 mafi ƙarancin ladan mai jinyar gida a birnin Niyok ya tashi daga dala 17 zuwa 18.55, wato ƙarin dala 1.55. Amma tun 2011 akwai wata doka a jihar da ta wajabta wa kamfanoni a birnin da kewayensa ƙara wani kaso a kan albashi a matsayin alawus, kamar inshorar lafiya ko hutu mai albashi, kuma a wannan kasafin aka rage kason na cikin birnin daga dala 4.09 zuwa 2.54. Wanda ya yi lissafi zai ga an cire dala 1.55 daidai. Jimillar abin da doka ta wajabta a awa ta tsaya a dala 21.09, kafin da bayan ƙarin. Ba za a ce ba a yi komai ba, domin tsabar kuɗi a hannu ta fi alawus ɗin da ma'aikata da yawa ke cewa ba sa ganin amfaninsa, amma wanda ya ji sanarwar ƙarin albashi kawai ba zai san cewa daga aljihun hagu aka ɗebo aka zuba a na dama ba. A wannan jihar ce kuma ake biyan mai kwana a gidan majinyaci awa 13 cikin 24, bisa zaton tana samun awa 8 na barci da 3 na cin abinci, kuma babbar kotun jihar ta amince da wannan tsari a 2019 muddin da gaske ana samun hutun. Duk wanda ya taɓa kwana da tsohon da ƙwaƙwalwarsa ta rikice ya san yadda wannan zato yake da nisa da abin da ke faruwa da tsakar dare.

Wata hanyar ita ce a ɗaure ƙarshen igiyar biyu a doka ɗaya. Jihar Nevada ta kafa kwamitin duba yanayin aikin jinyar gida a 2021, a 2023 kuma majalisarta ta ɗaga farashin da Medicaid ke biya zuwa dala 25 a awa, da sharaɗin cewa daga Janairun 2024 kada a ba ma'aikaci ƙasa da dala 16. Gwamnatin tarayya ta bi irin wannan tunani a ƙa'idar da ta fitar a Afrilun 2024, wadda ta ce nan da 2030 aƙalla kashi 80 cikin 100 na abin da Medicaid ke biya a manyan nau'o'in hidimar gida ya tafi ga ma'aikacin, a albashi da alawus da harajin da ake biya dominsa, tare da sassauci ga ƙananan kamfanoni. Idan aka gwada da alƙaluman Nevada za a ga girman abin da ake nema. Dala 16 cikin 25 kashi 64 ne. A ƙara harajin fansho da lafiya na kashi 7.65 da mai ɗaukar aiki ke biya, sai a kai kusan kashi 69. Kashi 80 na dala 25 kuwa dala 20 ne.

Kamfanoni sun yi ca a kan wannan ƙa'ida, suna cewa kashi 20 ba zai ishi duba aiki, tsara zuwa da dawowa, da cika sharuɗɗan da gwamnatin da kanta ta ɗora musu ba, irin su na'urar tabbatar da shiga da fitar ma'aikaci da wata doka ta 2016 ta wajabta, kuma kamfanonin karkara ne za su fara durƙushewa. Ƙungiyoyin ƙwadago suka amsa da cewa kuɗin jama'a ne, kuma an ga manyan masu zuba jari suna sayen irin waɗannan kamfanoni, alhali ba wanda ke sayen sana'ar da ba ta da riba. A ganina kowane ɓangare ya riƙe wani yanki na gaskiya, amma raunin ƙa'idar yana wani wurin. Kaso ba ya ƙara girman tuwo, rabonsa kawai yake gyarawa. Jihar da ke biyan dala 18 a awa za ta iya cika sharaɗin kashi 80 ɗin sarai, ma'aikaciya kuma ta tashi da dala 14.40, har da alawus a ciki. Sashen ƙa'idar da ba a cika magana a kai ba, wanda ya wajabta wa jihohi wallafa farashin da suke biya da kafa kwamitin ba da shawara da ma'aikata da majinyata za su zauna a ciki, shi ne na fi sa ran zai yi tasiri, domin farashin da kowa ke gani ya fi wuyar bari ya ruɓe.

Ruɓewa ce kalmar da ta dace, domin babbar hanyar rage ladan masu jinyar gida ita ce a yi shiru. Farashin da majalisa ta tsayar a wata shekara yana iya zama a wurin har shekara goma, hauhawar farashi na cinsa, mafi ƙarancin albashin jiha na tashi yana matso shi, ba wani ɗan majalisa da ya kaɗa ƙuri'ar ragi. Jihar Maine ta yi ƙoƙarin toshe wannan a 2021, inda ta ce kason lada a cikin farashin da jiha ke biya kada ya gaza kashi 125 cikin 100 na mafi ƙarancin albashin jihar. Da yake shi mafi ƙarancin albashin na Maine yana tashi kowace shekara tare da tsadar rayuwa, farashin ma sai ya bi shi. Dabara ce mai kyau, ko da yake majalisar da ta ɗaura ita ce ke iya kwancewa ranar da kasafi ya matse.

Sai hanyar zama a teburin ciniki. Matsalar a nan ita ce a tsarin da majinyaci ke zaɓar mai jinyarsa da kansa, sau da yawa 'yarsa ko 'yar'uwarsa, babu wani ubangida da za a yi ciniki da shi, domin tsohon ne ke ɗauka da kora, jiha kuma ke biya. Kalifoniya, inda mafi yawan masu jinya a shirinta na jinyar gida mai suna IHSS dangin majinyatan ne, ta warware wannan da kafa hukumomi a gundumomi da za su tsaya a matsayin masu ɗaukar aiki don ciniki kawai. A 1999 ma'aikata 74,000 a gundumar Los Angeles suka shiga ƙungiyar ƙwadago ta SEIU a zaɓe guda. Illar tsarin ita ce lada ya bambanta daga gunduma zuwa gunduma a kan aiki iri ɗaya. A 2014 Kotun Ƙoli, a shari'ar Harris da Quinn daga jihar Illinois, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta ce ba za a tilasta wa irin waɗannan ma'aikata biyan kuɗin ƙungiya ba, abin da ya rage wa ƙungiyoyin ƙarfin aljihu.

Jihar Washinton, wadda daban take da birnin Washinton, ta fi kowa tsara abin daki-daki. Dokar da ta yi a 2018 ta miƙa ɗaukar waɗannan ma'aikata ga kamfani guda mai zaman kansa, ta kuma kafa kwamitin tsayar da farashi inda wakilan ofishin gwamna, ma'aikatar da ke kula da shirin, kamfanin, da kuma ƙungiyar ƙwadago ke da ƙuri'a, da mutum na biyar da zai raba gardama in an yi kunnen doki. Abin da kwamitin ya tsayar yana zuwa majalisa a dunƙule, ta karɓa ko ta ƙi, ba ta da damar yi masa kwaskwarima. Masu suka sun ce an yi dokar ne don a zagaye hukuncin 2014 a ceci ƙungiyar, kuma ba za a ce zargin ba shi da tushe ba. Duk da haka tsarin yana da fa'ida ɗaya da sauran ba su da ita, wato lada da kuɗin biyansa suna zuwa gaban 'yan majalisa a takarda ɗaya, wanda zai ƙi kuma dole ya ƙi a bainar jama'a.

Ko wace hanya aka bi, tambayar birnin Niyok ta 2007 tana nan. A 2021, lokacin annobar korona, majalisar tarayya ta ƙara maki 10 cikin 100 a kan kason da take biya na hidimar gida, na shekara ɗaya tak, wanda tare da na jihohi ya kai kimanin dala biliyan 37. Jihohi da yawa, da suka san ruwan na wucewa ne, sun gwammace su raba kyautar lokaci ɗaya ko ƙarin wucin gadi, domin gwamnan da ya ɗaga albashi da kuɗin shekara ɗaya shi zai nemi na shekara ta biyu. Shugaba Joe Biden ya nemi dala biliyan 400 na dogon zango, majalisar wakilai ta rage zuwa 150 a Nuwamban 2021, ƙudirin kuma ya mutu a majalisar dattawa. Jihar Washinton ta kafa asusunta na WA Cares, inda ake cire kashi 0.58 cikin 100 na albashin ma'aikatan jihar tun Yulin 2023 don ba wa mai buƙata har dala 36,500 a tsawon rayuwa, kuma a 2024 masu zaɓe suka ƙi yunƙurin mayar da shi na ganin dama. A Ostireliya, da hukumar sasanta albashi ta ba masu kula da tsofaffi ƙarin kashi 15 cikin 100 daga tsakiyar 2023, gwamnatin tarayya ta ware dalar ƙasar biliyan 11.3 na shekara huɗu don biyansa, abin da ya fi sauƙi a can domin gwamnati ɗaya ce ke riƙe da jakar.

Akwai hujjoji biyu da masu neman ƙarin lada ya kamata su yi taka-tsantsan da su. Ta farko ita ce cewa ƙarin zai biya kansa, domin zama a gida ya fi gidan tsofaffi araha. A kan mutum ɗaya mai matsakaiciyar buƙata haka ne, amma idan hidimar ta samu, dubban iyalan da a da ke yin jinyar kyauta za su nema, kuma haƙƙinsu ne, don haka jimillar kuɗin na iya ƙaruwa. Gara a ce abin ya cancanci a biya shi a kan a yi alkawarin kyauta ne. Ta biyu ita ce zaton cewa ma'aikaci da majinyaci kullum bukatarsu ɗaya ce. A kasafin da bai ƙaru ba, kowace dala da aka ƙara a awa tana nufin awanni kaɗan ko layin jira mai tsawo, shi ya sa wasu ƙungiyoyin naƙasassu suka yi ɗari-ɗari da ƙa'idar 2013. Amsar da ake ba su ita ma tana da nauyi, domin awa 40 da aka rubuta wa mutum a takarda ba ta ɗaga shi daga gado idan ba wanda ya yarda ya zo a kan wannan lada. Sannan iyalan da ke biya daga aljihunsu, waɗanda ba su yi talaucin da Medicaid zai ɗauke su ba, ba su kuma yi arzikin da ba za su ji ba, su ne ƙarin ke faɗo wa kai tsaye ba tare da tallafin kowa ba.

Shekarar 2025 ta zo da tufka da warwara. A watan Yuli ma'aikatar ƙwadago ta gwamnatin Donald Trump ta gabatar da shawarar soke ƙa'idar 2013 a koma ta 1975, ta kuma umarci jami'anta su dakatar da tilasta bin ta, ko da yake jihohi irin su Niyok da Kalifoniya suna da nasu dokokin da ke kare ma'aikatansu. A ranar 4 ga watan aka sa hannu a dokar haraji da kasafi wadda ofishin kasafin majalisa ya ƙiyasta za ta rage abin da tarayya ke kashewa a Medicaid da kimanin dala biliyan 900 cikin shekara 10. Ragin bai auna jinyar gida kai tsaye ba, amma jihar da kuɗinta ya ragu ba za ta iya rufe ƙofar gidajen tsofaffi ba tunda wajibi ne, abin da ke hannunta shi ne farashin awa, yawan awanni, da layin jira. An taɓa ganin yadda hakan ke gudana. A 2009, lokacin karyewar tattalin arziki, Kalifoniya ta yi ƙoƙarin rage kason da take biya a ladan ma'aikatan IHSS, kotun tarayya ta hana. Sai jihar ta juya ga awanni, ta yanke kashi 3.6 cikin 100 a 2011, ta kai ragin kashi 8 a 2013 bayan wani sulhu a kotu, ta sauko da shi kashi 7 a 2014, ba a kuma mayar da awannin ba sai 2015. A takardar albashi ladan awa bai motsa ba, amma tsohuwar da aka auna buƙatarta a awa 100 a wata ta koma samun 92, mai jinyarta kuma, wadda sau da yawa 'yarta ce da ke kwana a ɗaki ɗaya da ita, ta ci gaba da yin sauran awa 8 ɗin ba lada.